DARASIN WATA: YADDA AKE JUYEN BAƘIN MAI A GIDA

Darasinmu na wannan wata ya shafi masu mota ne da direbobi da yaran mota, musamman mazauna karkara, inda sai an yi tafiya mai nisa kafin a kai ga gareji. Za mu duba yadda mutum zai yi wa motarsa juyen baƙin mai da kansa, a ƙofar gidansa. Wanda ba shi da mota ma kada ya tsallake shafin nan, domin akwai rabon mai babur da mai injin ban ruwa a ciki.

Abin da ya jawo wannan darasi shi ne, kwanan baya na kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye. Na tarar da wata akori-kura a yashe a gindin bedi, tayoyinta sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Mai ita ɗalibi ne a ajin, kuma da ita yake kai hatsin mutanen garin kasuwa. Ya ce mini inji ne ya buga. Da na bi ba'asi, sai na ji ya fi shekara bai yi juye ba. In mai ya yi ƙasa, sai ya sayi na kwalba a bakin hanya ya ƙara. Kuɗin da bakanike ya yanka masa ya fi abin da zai kashe a kan juyen shekaru masu yawa. Yanzu mutanen garin sun koma wa jaki da amalanke. Mai naƙuda da dare kuwa sai a goya ta a babur.

AIKIN BAƘIN MAI A CIKIN INJI

A cikin inji akwai ƙarafa da yawa masu gogar juna. In mota tana gudu a kan kwalta, injinta yakan juya kamar sau 3,000 a minti ɗaya, watau sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Baƙin mai ne yake shiga tsakanin ƙarafan nan, ya hana su cin juna. Ayyukansa guda huɗu ne:

1. Yana sa santsi tsakanin ƙarfe da ƙarfe.
2. Yana kwashe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa.
3. Yana wanke datti da baƙin hayaƙi, ya kai su ga filta.
4. Yana hana tsatsa.

Sabon mai ba baƙi ba ne. Launinsa kamar na zuma yake. Dattin da yake kwasowa ne ke mai da shi baƙi. A kwana a tashi zafi yana cin ƙarfinsa, magungunan da kamfani ya zuba a cikinsa suna ƙarewa, har ya zama kamar kwalta ya toshe ƙananan hanyoyin da yake bi. Shi ya sa ƙari ba ya maye gurbin juye. Wanda ya zuba ruwa mai kyau a randar da ba a wanke ba, ai gurɓataccen ruwa zai sha.

YAUSHE AKE JUYE?

Kowace mota tana zuwa da ɗan littafi daga kamfanin da ya ƙera ta. In kana da shi, abin da ya faɗa shi ne abin bi. In babu, to ga ƙa'idar da ta dace da hanyoyinmu masu ƙura da zafi: a yi juye bayan kowace tafiyar kilomita 5,000, ko bayan wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Akwai wani mai tsada da ake kira sintetik, wanda kan kai kilomita 10,000 a motar da aka yi shi dominta. Amma motar da ke bin hanyar burji, tana ɗaukar kaya masu nauyi, tana shaƙar ƙurar hunturu, gara a gaggauta mata.

A nan ne lissafin da muke koya a aji zai yi aiki. A gaban direba akwai agogo mai ƙirga tafiyar mota. A ce ran da ka yi juye yana nuna 84,350. Sai ka tara da 5,000, ya ba ka 89,350. Ka rubuta wannan lamba da kwanan wata a ɗan littafi, ka ajiye a cikin mota. In kullum kana tafiyar kilomita 100, kwana 50 ke nan za ka cika 5,000. Ka ga ashe direban haya ba zai jira wata shida ba.

A lura, motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga, ba da kilomita ba. Mil ɗaya ya ɗan fi kilomita ɗaya da rabi. Saboda haka mai irin wannan mota ya yi juye bayan mil 3,000.

KARANTA JIKIN GALAN KAFIN KA BIYA

Duk mai na kirki yana da rubutu iri biyu a jikin galan ɗinsa, kuma ɗan aji biyu ma zai iya karanta su.

Na farko yana farawa da haruffan SAE, sai lambobi su biyo baya, kamar 20W-50, ko 15W-40, ko 5W-30. Wannan ma'aunin kaurin mai ne. Lambar da ke kafin W tana nuna yadda man ke gudu in inji ya yi sanyi. Ta ƙarshe kuwa tana nuna kaurinsa in inji ya ɗau zafi. Babbar lamba, mai kauri ke nan. Tsofaffin motoci irin su Fijo 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, sun saba da mai kauri irin 20W-50. Motocin baya-bayan nan kuwa hanyoyin mai na injinsu ƙanana ne, da yawansu 5W-30 suke so, wasu ma 0W-20. Sau da yawa an rubuta lambar a kan murfin da ake zuba mai. Kada ka ce lalle mai kauri ne mai kyau. Mai kyau shi ne wanda aka rubuta wa motarka.

Rubutu na biyu yana farawa da API, sai haruffa biyu su biyo. In harafin farko S ne, na injin fetur ne. In C ne, na injin gas ne, watau dizal. Harafi na biyu yana nuna zamanin man. Gwargwadon nisansa a jerin abacada, gwargwadon sabuntarsa. Misali, SL ya fito a 2001, SN a 2010, SP kuma a 2020. Ke nan SN ya fi SL, SP kuma ya fi SN.

Bayan haka a yi hattara da jabu. Akwai marasa tsoron Allah da ke tace tsohon mai su ɗura a galan mai suna. Ka sayi mai a gidan mai ko shagon da ka sani. Ka duba murfi, ka tabbata ba a taɓa ɓalle hatiminsa ba. In a Nijeriya aka yi man, ka nemi tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Man da ake aunawa a kwalabe a bakin hanya ba wanda zai iya gaya maka asalinsa. Araha ba ta ado.

KAYAN AIKI

Ka tanadi waɗannan tun kafin ka fara:

1. Sabon mai. Yawancin ƙananan motoci suna shan lita 3 da rabi zuwa lita 5. Galan kuwa akwai mai lita 4, akwai mai lita 5.
2. Sabuwar filtar mai, irin ta motarka. In ba ka tabbata ba, kwafi lambar da ke jikin tsohuwar ka tafi da ita shago.
3. Sufana daidai da notin juye. Galibi lamba 14 ce, ko 17, ko 19. Sufana mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki, don ba ta cinye kan noti.
4. Sabuwar washa ta notin.
5. Abin kwance filta, mai sarƙa ko mai ɗamara.
6. Tsohon daro mai faɗi wanda zai ci lita 6, wanda ba za a sake sa abinci ko ruwa a ciki ba.
7. Mazurari mai tsabta, da tsummoki, da buhu ko kwali na kwanciya.
8. Jak da kututturan icce masu ƙwari, in motar gajera ce.

YADDA AKE YIN AIKIN

Mataki na 1. Ajiye mota a wuri mai tauri wanda ba shi da gangare, kuma a fili inda iska ke kaɗawa. Kada ka tayar da inji a rufaffen ɗaki, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Ka kori yara da dabbobi daga wurin.

Mataki na 2. Tayar da inji ya yi kamar minti biyar, sa'an nan ka kashe, ka zare makulli ka sa a aljihu. Mai mai ɗumi ya fi saurin zuba, kuma ya fi fitowa da datti. In kuwa daga doguwar tafiya ka dawo, ka jira kamar rabin sa'a, domin a lokacin zafin man ya kai na tafasasshen ruwa.

Mataki na 3. Ja birkin hannu, ka sa mota a giya, ka tokare tayoyin baya da duwatsu. In sai an ɗaga motar, ka ɗaga da jak, kana ka tura kututture a ƙarƙashin ƙarfe mai ƙarfi na jikinta, ka sauke nauyinta a kansa. Ka girgiza ta ka gani ko ta zauna. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada kuma ka tokare da bulon siminti, yana iya rugujewa farat ɗaya. Wannan gargaɗi ya fi duk sauran darasin muhimmanci, domin inji ana sayen wani, rai kuwa ba a sayensa. Ya kamata a sami wani babba a kusa da kai har ka fito.

Mataki na 4. Buɗe bonat, ka cire murfin da ake zuba mai, don iska ta shiga man ya sauka da sauri.

Mataki na 5. Shiga ƙarƙashi ka nemi kaskon mai. Shi ne ke can ƙasan inji, da noti guda a gindinsa ko a gefensa. Ka lura da kyau, akwatin giya ma yana da irin wannan noti, kuma a motoci da yawa suna kusa da juna. Akwai waɗanda suka zubar da man giya, suka ƙara sabon mai a kan tsohon na inji, suka yi asara biyu. In kana shakka, ka sa wanda ya sani ya nuna maka. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na 6. Sa daro a ƙarƙashi. Kwance noti ta hagu, watau saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. In ya saki, ka ƙarasa da yatsu kana ɗan danna shi ciki, sa'an nan ka janye hannu da sauri. Man zai fara fitowa da ƙarfi ya yi nisa, daga baya ya dawo yana zuba a miƙe, don haka ka riƙa gyara zaman daron. Ka ba shi minti goma zuwa goma sha biyar, har ya koma ɗiga.

Mataki na 7. Goge noti, ka sa sabuwar washa, ka mayar. Ka fara ɗaurawa da yatsu har ya shige lafiya, kana ka ƙarasa da sufana. Ɗauri daidai ake so. Kada ka ƙara wa sufana bututu, kada ka taka ta da ƙafa. In zaren kasko ya lalace, aikin ya fi ƙarfin gida.

Mataki na 8. Matsa da daro ƙarƙashin filta, ka kwance ta ta hagu. Akwai mai a cikinta, ka riƙe ta baki sama. Ka duba ko zoben robarta ya fito tare da ita. Wani lokaci yakan manne a jikin inji. In ka ɗaura sabuwa a kansa, roba ta hau roba, to da ka tayar da inji mai zai tsiyaye.

Mataki na 9. Goge mazaunin filta. Ka dangwali sabon mai da yatsa ka shafa wa robar sabuwar filta. Ka murɗa ta da hannu har robar ta taɓa jikin inji, sa'an nan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. Da hannu ake ɗaure filta, ba da ƙarfe ba. Wasu motoci filtarsu ta takarda ce a cikin gwangwani mai murfi. A irinsu takardar ake canzawa tare da zoben roban murfin.

Mataki na 10. Sauke mota ta tsaya a kan tayoyinta. Sa mazurari ka zuba sabon mai a hankali, amma ka rage kamar rabin lita daga abin da motar ke sha. Ka jira minti biyu ya sauka.

Mataki na 11. Zaro gejin mai, ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Yana da alama biyu. Ta ƙasa an rubuta MIN ko L, ta sama MAX ko F. A motoci da yawa tsakaninsu kamar lita ɗaya ne. Ka ƙara kaɗan-kaɗan har ya kusa alamar sama, sa'an nan ka rufe murfi.

Mataki na 12. Tayar da inji, amma kada ka ba shi wuta. Jar fitila mai hoton buta za ta kama, ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ta wuce daƙiƙa goma ba ta mutu ba, kashe inji nan take. In ta mutu, ka bar shi ya yi minti biyu, kana leƙa noti da filta ko akwai yoyo.

Mataki na 13. Kashe inji, ka jira minti biyar, ka sake aunawa. Za ka ga ya ɗan sauka, saboda sabuwar filta ta sha nata. Ka cika zuwa alamar sama, kada ka wuce. Mai in ya yi yawa yakan yi kumfa, ya kuma matsa wa robobin inji har su fara yoyo. Daga nan sai ka rubuta kwanan wata da lambar agogo. Washegari da safe ka duba ƙasa inda motar ta kwana.

ABIN DA TSOHON MAI KE NUNAWA

Kafin ka ɗauke daro, ka kai shi rana ka duba. In baƙi ne kawai, ba komai, aikinsa ya yi. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa yana shiga inji. In kana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe, wani abu yana cinyewa a ciki. In yana warin fetur ƙwarai kuma ya tsinke, fetur yana gangarawa cikinsa. Waɗannan uku ba na gida ba ne, a kai wa bakanike tun abin bai yi nisa ba. Haka kuma kada a zuba kananzir ko gas a inji a tayar da shi da sunan wanki. Ba su da kaurin da zai kare ƙarfe.

INA ZA A KAI TSOHON MAN?

Tsohon mai guba ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya tak yana iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Saboda haka kada a zubar da shi a ƙasa, ko a kwata, ko kusa da rijiya, ko a gona. Inda ya zuba, shuka takan daɗe ba ta yi ba.

A wasu ƙauyuka ana shafa wa shanu da awaki baƙin mai don kaska ko ƙazuwa, har akwai masu ɗiga shi a kan gyambo. Wannan kuskure ne. Dabba takan lashe shi ya cuce ta. An kuma gwada an gani, yawan taɓa fata da tsohon mai yana iya jawo ciwon daji na fata. Dabba a kai ta wurin malamin dabbobi, mutum kuma a kai shi asibiti. Kai ma da ka gama aiki ka wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.

Abin yi shi ne ka juye shi a galan ɗin da ka zazzage, ka rufe tam, ka rubuta TSOHON MAI a jiki da manyan baƙaƙe. Ka ajiye inda yara ba sa kaiwa, nesa da murhu. Ran da ka shiga birni ka kai gareji, akwai masu tara shi.

MAI BABUR DA MAI INJIN BAN RUWA

Aikin duk ɗaya ne, sai dai man kaɗan suke sha. Yawancin baburan da ke hannun jama'a kusan lita ɗaya suke ci, kuma suna son juye da wuri fiye da mota. Ƙaramin injin ban ruwa ba shi da agogon tafiya, da sa'o'in aiki ake ƙirga masa. Sabo ana yi masa juyen farko bayan sa'a 20, daga nan kuma bayan kowace sa'a 100. Mai noman rani da ke ban ruwa sa'a biyar kullum, kwana 20 ke nan.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Kawo ayyuka huɗu na baƙin mai.
2. Agogon mota yana nuna 126,700 ran juye. A wace lamba za a sake juye?
3. Direba yana tafiyar kilomita 125 kullum. Kwana nawa zai yi ya cika 5,000?
4. Mota tana shan lita 3 da rabi, ka sayo galan mai lita 5. Nawa zai rage?
5. Wanne ne na injin fetur, mai harafin S ko mai harafin C?
6. Me ya sa ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai?

Ana roƙon malamai su nemo galan ɗin mai wanda ba komai a ciki su kawo aji, kowane ɗalibi ya nemo lambobin SAE da haruffan API ya kwafa a littafinsa. Wanda kuma zai yi juye karo na farko, ya sa wanda ya saba ya tsaya a kansa. Mai akori-kurar da na ba ku labari ya ce in Allah ya sa kaka ta yi kyau zai tayar da ita, kuma tuni ya ware shafi a littafinsa na aji don rubuta ranakun juye.

Masu tambaya su aiko ta hannun malamin ajinsu ko jami'in yankinsu. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, amin.